Rigar Ledar Fiya Wata

"Ɗaga hannunka sama," in ji Naila.

Kefas ya ɗaga, rigar ta yi ƙaras-ƙaras kamar an taka busasshen ganye. 'Yan acaɓan da ke zaune a kan baburansu a bakin kasuwar Samaru suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce a miƙo masa mai sanyi, wani ya ce a duba ko yana yoyo ta ƙasa. Kefas bai kula su ba. Shi ma ɗan acaɓa ne, magidanci da ya haura arba'in, shi ke kai Naila jami'a tun tana ɗaliba a sashen zane da ƙere-ƙere, kuma shi kaɗai ya yarda ya saka rigar a bainar jama'a.

Rigar ruwa ce, amma kaf ɗinta da ledar fiya wata aka yi ta. Tun da Naila ta gama karatu take tara ledojin da mutane suka tsotse suka yar. Sai ta wanke su, ta tsaga, ta jera su tsakanin takardu, ta bi da dutsen guga na gawayi har su manne su zama kamar ƙyalle. Rubutun jikinsu bai goge ba. Saboda haka a ƙirjin Kefas an rubuta Ruwan Albarka, a kafaɗarsa Sanyi Kalau, a bayansa kuwa Ruwan Albarka ne birjik, wani a miƙe, wani a kife.

Ba rigar kaɗai Naila take so ta karɓu ba, har da tsarinta. Gaba daban yake, baya daban, hannuwa daban, maɓallai ne ke haɗa su. In hannu ya yage ba sai an yar da riga ba: a cire shi a mayar mata, ta ba da sabo, tsohon kuma ta sake goge shi ya shiga cikin wata rigar. A takarda abin ya yi kyau, malamanta ma sun yaba. Abin da babu wanda ya sani shi ne ko rigar tana tare ruwa.

Abokiyar aikinta Madam Clementina, mai ɗinkin tamfol da rumfuna a Sabon Gari, ta ce a haɗa gaɓoɓin da zare. Naila ta ce allura tana barin rami, gara a manne su da zafin guga. Suka yi ta musu har suka gaji, sai suka raba rigar biyu: hagu ɗinki, dama guga. Duk ɓangaren da ya jiƙa jikin Kefas, mai shi ta sha kaye.

Sun taɓa gwada ta da bokiti a gaban Alhaji Shehu, shugaban ƙungiyar 'yan acaɓa na Sabon Gari, wanda suke kira Ciyaman. Ya tsaya ya kalla, sannan ya ce bokiti ba ya zuwa da iska, shi sai ya gan ta a ƙarƙashin ruwan sama. Gobe da sassafe zai tafi Kano ya sayo wa mutanensa irin rigunan da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ba sa ganin ƙarshen damina. Ita kuma Naila mahaifinta ya samo mata aikin ofis a Kaduna, ranar Litinin za ta fara. Ta yi masa alkawari in rigar ba ta kai ko'ina ba za ta tafi ba tare da gardama ba.

Yau Alhamis ce, damina ta fara leƙowa amma ba ta zauna ba. Rana kuwa ta take kamar ba ta taɓa jin labarin ruwa ba.

"Malama, dubi can," Kefas ya ce, yana nuni da haɓa.

Ta wajen Basawa sama ta yi baƙi ƙirin. Dariya ta zo wa Naila ba dalili.

"Za mu cim masa?"

"In bai gudu ba."

Ta gyara mayafinta ta hau. Kefas ya ba babur wuta, rigar ta cika da iska ta kumbura, ya zama kamar buhun auduga mai tuƙi. Suka bar kwalta suka shiga hanyar ƙasa, yara na binsu da gudu suna kiran mai fiya wata. Naila tana riƙe da ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana danne gefen rigar da ke marin fuskarta. Tana jin ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya tun daga nesa.

"Ka ji? Ka ji ƙamshin?"

"Na ji, Malama. Ni dai ƙamshin leda ya fi yawa a nan gaba."

Da suka isa, ƙasa ta yi laushi, ruwa na ɗiga daga ganyen mangwaro, kaji na karkaɗe jiki. Sama kuwa ta washe tas. Wani dattijo da ke duba kunyoyin gonarsa ya miƙe ya dube su, ya daɗe yana karanta ƙirjin Kefas.

"Sannu Baba," in ji Naila. "Ruwa muke nema."

"Ga rijiya can bayan masallaci."

"Na sama, Baba."

Dattijon ya sake dubansu. "Yanzun nan ya tashi. Da kun zo da wuri da kun same shi, bai daɗe ba." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin baƙon da ya leƙo ya wuce. Sai ya nuna kudu da fartanya. "Can ya nufa. Ku bi shi a hankali."

Naila ta yi dariya har ta durƙusa a gefen hanya. Kefas ya kashe babur ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron, ya girgiza reshe, 'yan ɗigo suka sauko masa a ka.

"Wannan ba ya cikin lissafi?" ya tambaya.

"Ciyaman ba zai yarda ba. Cire rigar ka sha iska, Oga Kefas, ka ga yadda kake gumi."

"A'a. In na cire, kafin in gama da maɓallan nan naki ruwa ya zo ya wuce. A bar ni a ciki."

Wayarta ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Madam Clementina ce ta yi filashin, kamar yadda ta saba. Naila ta kira ta, tana ɗaga wayar sama tana juyawa har muryar ta fito sosai.

"Kuna ina?" in ji Madam. Haifaffiyar Sabon Gari ce, iyayenta daga kudu suka zo, Hausarta kuwa ta kan titi ce mai sauri. "Hadari ya haɗo ta bayan Jushi, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Masu gwanjo sun fara kwashe kaya. Na je na zaunar da Ciyaman a rumfarsu, na ce kada ya motsa."

"Muna Basawa, Anti."

"Me ya kai ku Basawa? Ku taho, 'yata. Ki ce wa Kefas ya lura da ɓangarena, kada ya jingina da komai."

Suka juyo. Ta Palladan suka ɓullo, suka hau babban titi, Kefas yana ratsa tsakanin motocin haya da tireloli. A Kwangila direbobi suka riƙa danna masa ham, wani kwandasta ya leƙo har rabin jikinsa yana tambaya ko sabon talla ne. Naila ta ga ba ta jin kunya ko kaɗan. Wani abu ne yake ta tasowa a ƙirjinta kamar kumfar lemo, tana gaisa da mutanen da ba ta sani ba, tana ɗaga musu hannu.

A PZ suka tarar da cunkoso. Suna tsaye sai wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta matso ta taɓa hannun Kefas, ta latsa.

"Ɗana, duk ka sayar ne? Ba ka rage ko ɗaya ba?"

"Sun ƙare, Iya," ya ce da ladabi. "Sai gobe."

Naila ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Tana cikin haka hasken rana ya ɗauke. Iska ta taso, ta kwashi takardu da ledoji ta yi sama da su, rumfunan 'yan kasuwa suka fara kaɗawa. Mai gasa masara ya rungumi murhunsa ya ruga. Ɗigon farko ya faɗo a kan kafaɗar Kefas, ya yi tas, da ƙarfi kamar an jefi ganga da tsakuwa.

"Ya zo," in ji Kefas a hankali, kamar yana tsoron kada ya ji ya koma.

Kafin su fita daga cunkoson ruwa ya ɓarke. Naila ba ta taho da laima ba, duk tunaninta yana kan rigar, ta manta ita ma jiki gare ta. Bayan rigar ya yi tsawo fiye da kima, don har yanzu ba ta yanke shawarar inda za ta datse shi ba, ta bar shi yana reto. Ta kama shi ta ɗaga, ta rufa a kanta har gwiwa, ta duƙa. A ciki duhu ne mai haske-haske, ruwa na dukan leda kamar ana kiɗa, tana karanta Ruwan Albarka ta baibai. Ba ta ganin hanya. Tana jin babur na tsallake ramuka, tana jin Kefas yana rera waƙar coci da iya ƙarfinsa, ita ma ta shiga yi masa amshi da abin da ba waƙa ba.

Rumfar 'yan acaɓa tana kusa da kasuwar Sabon Gari, ta kwano ce mai faɗi. Ta cika maƙil: babura a jere, masu su a tsaye sun naɗe hannu, ga fasinjojin da ruwa ya tare sun matsu a gefe. Madam Clementina tana bakin rumfar da ƙatuwar laima, almakashi na rataye a wuyanta. Alhaji Shehu yana zaune a kan benci, ya tattare babbar rigarsa a cinya.

Naila ta sulale daga ƙarƙashin rigar ta faɗa rumfa. Ta gaishe da Alhaji tana haki.

"Ranka ya daɗe, ga ta, ga ruwa, ga iska."

"Na gani," ya ce. "Kefas, kada ka shigo. Je ka zagayo kasuwa ka dawo, ka bi ta inda iska ta fi."

Kefas ya tafi. Madam ta kama hannun Naila ta matse, su biyun suna leƙen titi.

"In nawa ya yi yoyo," Madam ta ce, "zan ce zaren ne ba shi da kyau."

"In nawa ne zan ce gawayin ne."

Suka ƙyalƙyale. Can sai ga Kefas ya ɓullo ta ɗaya gefen, yana tsaga ruwa, rigar na sheƙi. 'Yan acaɓan da suka fara da tsokana suka koma tafi. Ya shigo rumfar, aka buɗa masa fili. Naila ta kama maɓallan dama, Madam ta kama na hagu, suka buɗe shi a hankali kamar masu kwance ƙunshin lalle.

Rigarsa ta ciki ta jiƙe sharkaf. Hagu, dama, ƙirji, baya, har ƙugun wando.

Ruwa na ta dukan kwanon rumfar. Madam ta shafa hagu, ta shafa dama, ta juya rigar ledar tana bin gaɓoɓin da yatsa.

"Ta ina ya shiga?" ta ce. "Nawa ɗinkin lafiya lau yake ta waje da ciki... to, ta ciki dai akwai laima. Naki ma haka."

Alhaji Shehu ya taso. Ya sa bayan hannu a jikin rigar Kefas, ya ɗan sunkuya, sannan ya ja da baya yana yamutsa hanci.

"Wannan ruwan da ɗumi yake. Kefas, tun yaushe kake cikin abin nan?"

"Tun hantsi, Ciyaman."

"A ranar nan?"

"Har Basawa muka je."

Alhaji ya fara dariya a hankali, cikinsa na motsi, har ta fi ƙarfinsa ya koma ya zauna. "Ruwan sama bai shiga ba, na jikinsa ne bai fita ba. Ko kuma duka biyun ne, wa ya sani? Kun dafa mini mutum."

Dariya ta game rumfar. Naila ta so ta yi kuka, amma ita ma dariyar ce ta fito mata. Yini guda suna farautar ruwa, sun same shi, kuma ba su san komai ba fiye da abin da suka sani da safe.

"To wa ya ci?" wani ya tambaya.

"Babu," in ji Madam. "Gumi ya ci."

Wata mata cikin fasinjojin, sanye da fararen kayan asibiti, ta daɗe tana kallon Naila. Ta matso ta taɓa mayafinta, ta taɓa kafaɗarta.

"Baiwar Allah, ba ke kika sauko daga babur ɗin nan ba? Ya aka yi ba ki jiƙe ba?"

Naila ta dubi kanta. Ban da bakin zanenta da ƙafafunta, a bushe take.

"Bayan rigar na shiga," ta ce.

Matar ta juya wajen Kefas. "Malam, aikin yamma gare ni, na riga na makara, duk waɗannan sun ce sai ruwa ya ɗauke. Za ka kai ni Tudun Wada a cikin abin nan?"

Kefas ya dubi Naila, bai jira amsa ba ya mayar da hannuwansa cikin rigar. Madam ta zare almakashi daga wuya.

"Tsaya. Naila, in tsaga masa hammata?"

Naila ta shafa ledar. Ita kaɗai ce rigar da suke da ita a duniya. "Tsaga, Anti. Duka biyun. Ta ƙasa, inda ruwa ba zai gangaro ba."

Madam ta tsaga. Matar ta hau, ta ja bayan rigar ta rufa, ƙafafunta kawai ake gani. Babur ya fita cikin ruwa. Kafin ya sha kwana wani mutum mai jaka ya fito daga shagon da ke tsallake yana ɗaga masa hannu, yana kira ya dawo ya ɗauke shi.

'Yan acaɓa suka bi shi da kallo. Babu mai dariya yanzu. Wani dogo ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shi yana aiki, mu muna tsaye."

Alhaji Shehu ya shafa gemu. "Malama Naila, zauna." Ta zauna a bakin benci. "Ban ce rigarki tana tare ruwa ba, don ban gani ba. Ke ma ba ki gani ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kano ba za ta gudu ba, zan ɗaga tafiyar. Ki yi mini wasu kaɗan, in raba wa waɗanda na san ba sa ɓoye magana. Wasu da ɗinki, wasu da guga, kada ki sake raba mini mutum gida biyu. Ki buɗa musu inda za su sha iska. Wutsiyar nan kuma kada ki taɓa ta, ki ƙara mata faɗi ma. Su yi damina da su. Wadda ta yage su kawo miki, kamar yadda kika ce. In kaka ta yi sai mu san gaskiya."

"In kuma duk suka yi yoyo?"

"Sai mu san sun yi yoyo. Amma ina son su kafin Juma'a ta sama, don ruwa ya fara ke nan."

Naila ta ce to. Ta sake cewa to. Ta tashi ta ja Madam gefe, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Anti, kin ji? Kafin Juma'a."

"Na ji. Da me za mu yi su?"

"Da me kamar yaya?"

"Leda, 'yata. Duk abin da kika tara ya tafi Tudun Wada a bayan Kefas. Abin da ya rage a shago ko hula ba zai yi ba." Madam ta yi ajiyar zuciya. "Na ce gobe mu bi kwatocin kasuwa da buhu, a cike suke tun rani. Amma dubi."

Naila ta duba. Babbar kwatar da ta bi ta gaban rumfar ta cika ta tumbatsa. A kan ruwan, ledojin fiya wata ne fari fat, dubbai, suna tafe suna juyi, suna turereniya a bakin kwalbati, suna wucewa. Sharar rani guda ta Sabon Gari ce ruwan farko ya ɗauko, zai kai rafi. A jami'a ta cika shafuka tana bayanin ranar da kwatocin garin nan za su rabu da leda. Ga shi yau suna rabuwa da ita a gaban idonta, ita kuma ji take kamar ana kwashe mata kaya daga ɗaki.

"Anti, akwai ragar nan da kike shanya tamfol a kai?"

"Tana shago."

"Da kwandunan?"

Madam ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke 'yar gidan malamai, a cikin kwata, da rana tsaka?"

"A bakin kwalbati kawai. In muka tare can, da kansu za su zo."

Madam ta ruga shago da laimarta, tana dariya tana kiran maƙwabta. Naila ta sunkuya ta dubi takalmanta. Sababbi ne, baƙaƙe masu ɗan tudu, ta saye su ne don ofishin Kaduna, yau ta saka su don su saba da ƙafarta. Ta cire su, ta miƙa wa Alhaji Shehu.

"Ranka ya daɗe, a ajiye mini."

Ya karɓa, yana juya su a hannu. "Har yaushe?"

"Sai kaka," ta ce. Ta tattare zanenta, ta fita cikin ruwan.